Rabin Ƙwaya

Zuwa ga Sista,

Assalamu alaikum. Ina fata kina lafiya, ya aiki? Ki gafarce ni da na yi ƙarfin halin rubuto miki. Na zo har ƙofar ofishinki na juya, domin ba na iya magana a gaban manya.

Ni ce ƙanwar Dogo, wanda yake karɓar maganin farfaɗiya a wurinku, mai ce miki "amaryata". Kin san jikinsa ne kawai ya girma, tunaninsa na ƙaramin yaro ne. Tun da ya cika shekara goma sha takwas aka ce inshorar gwamnati ta yara ta daina ɗaukarsa. Mai ba da kati ya ce wa Inna, "Ai ya zama babba, sai ya nemi aiki." Inna ta ce, "Bawan Allah, wanda har yau ni nake ɗaura masa wando?" Ya ce shi ma haka ya tarar da dokar.

Yanzu mu muke sayen maganin, kuma ɗinkin da Inna take yi ba ya isa. Sai muka yi dabara: ina raba kowace ƙwaya biyu da reza don ta daɗe. Ina kula sosai, har da rular makaranta nake aunawa. Tambayata ita ce, za a iya raba ta uku?

Ki huta lafiya.
Ƙanwar Dogo

*

'Yata,

Wa'alaikumus salam. Uku? Ajiye rezar nan tun kafin in zo in same ki! Da nauyinsa aka auna maganin. Ƙato kamar Dogo, rabin ƙwaya ba za ta riƙe shi ba. Ba laifinki ba ne, laifinmu ne da ba mu faɗa muku ba.

Na hau bene wurin shugabannin asibiti na yi musu surutu. Sun ce akwai tsarin inshora na manya masu irin lalurarsa, amma sai ƙwararren likita ya duba shi ya sa hannu. Likitan ya bar aiki tun bara, ba a kawo wani ba. Ba zan yi miki ƙarya in ce gobe ba.

Ga kwalba ɗaya na saya, ya riƙa shan cikakkiya. Ki gaida Inna. Ki ce wa angona in bai daina gudun wanka ba, na fasa auren.

Sista

*

Zuwa ga Sista,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, kuma mun gode, Allah Ya saka da alheri. Ki yi haƙuri da jinkirin amsa.

Duk lokacin da kwalbarki take nan bai faɗi ba ko sau ɗaya, har wanka ya yi da kansa saboda saƙonki. Bayan ta ƙare ne ciwon ya buge shi ina makaranta. Inna tana kan keken ɗinki, shi kuma yana kusa da dutsen guga. Hannunsa na dama ya ƙone, yanzu a baki nake ba shi abinci.

Inna ba za ta iya ɗinki tana tsaronsa ba, in kuma ta bar ɗinkin babu magani. Don haka ni nake zama da shi. Ta ce sai an kawo sabon likita zan koma aji. An fara jarrabawa ban je ba. Jiya ya ga yara suna wucewa da jakunkuna, ya ce min, "Ke malalaciya, tashi ki tafi, Malam zai zane ki!" Na yi dariya don kada ya gane.

Mun daina rabawa, kamar yadda kika ce. Ranar da akwai, ya sha cikakkiya. Ranar da babu, sai in fitar da kujeru da duk wani abu mai kaifi daga ɗakin, in shimfiɗa katifa a ƙasa, in zauna ina kallonsa.

Ba magani nake roƙo ba, na san ke ma kina da naki nauyin. Inna tana kuka in na yi mata maganar, ƙawayena kuma suna karatu. Ko za ki yarda in riƙa rubuto miki lokaci-lokaci? Ba sai kin amsa ba.

Ki huta lafiya.
Ƙanwar Dogo