Allon da Ban Kai Gaban Madubi Ba

Zuwa ga aminina Isufu ɗan Mma Adiza, a duk garin da wannan takarda ta riske ka.

Bayan sallama irin ta Musulunci, da gaisuwa mai ɗauke da nauyin shekara goma sha shida, ina fatan kana cikin lafiya da rufin asiri. Ban san inda kake ba. Wasu sun ce Kumasi, wasu sun ce an gan ka a Abijan kana rubuta sunaye a jikin motoci. Saboda haka na kwafi wasiƙar nan sau bakwai da hannuna, na rarraba wa direbobin Zango, ban liƙe bakin ko ɗaya ba. Wanda ya karanta a hanya ya karanta. Abin da ke ciki ya daɗe yana neman shaidu.

Ka tuna shekararmu ta farko a makarantar zane, mu biyu kaɗai 'yan Zango a ajin. Wata uku ana jera mana ƙwarya da kwalba da tulu, muna bin inuwarsu da gawayi har yatsunmu suka rine. Kai ka ce da ka san tulu za ka zo kallo, da ka yi zamanka a tsakar gidan Mma. A shekara ta biyu aka koya mana haɗa launi, da auna jikin mutum da tsawon kansa, alhali dattawan masallaci suna tsare mu da tambayar ranar da za mu hura wa hotunanmu rai.

A shekara ta uku muka shiga ɗakin bugu, hannun malaminmu Metir Kwami. Can ake sassaƙa hoto a allon katako, a shafa masa tawada, a danna shi a takarda, kuma duk abin da ke dama a katako a hagu yake fitowa. Bai taɓa buɗe darasi ba sai ya ce: «Ku kai allonku gaban madubi kafin ku kai shi gaban tawada.» Dokarsa ta biyu ita ce aiki bibbiyu: ɗaya ya sassaƙa, ɗaya ya buga, kuma mai bugu ne ke sa sunansa da fensir a gindin takarda.

'Yan ajinmu sun sha wahalar juya baƙaƙen boko. Ni kuwa, da na tashi ina rubutu daga dama zuwa hagu a makarantar allo, sai hannuna ya tafi kamar baƙon da ya dawo gidan ubansa. Metir ya ɗaga aikina ya nuna wa aji. Daga ranar girman kai ya shiga ƙirjina ya shimfiɗa tabarma.

Aikin jarrabawarmu ta fita shi ne hoton Shugaban ƙasa ya ɗaga hannun dama yana gaida jama'a, da kirarin jam'iyya a ƙasa. Ni na sassaƙa. Na juya kowane baƙi daidai, babu tuntuɓe, amma siffar mutumin na kwafe ta daga hoto yadda na gan ta. Madubin yana rataye taku uku daga teburina. Ban je ba, domin na ɗauka an rataye shi ne saboda waɗanda ba su iya ba.

Ka buga, idonka na kan tawada da rubutu. Ka sa sunanka. Muka liƙa a bangon zauren nuni muna murna.

Ranar nunin da hantsi, matan jam'iyya suna rawa a farfajiya cikin atamfa iri ɗaya, wakilin jam'iyya ya shigo da baƙin tabarau. Ya wuce aikin kowa da sauri, ya tsaya a namu. Ya ɗaga hannunsa na dama, ya sauke. Sai ya juya ya jingina bayansa da bango, kafaɗa da kafaɗa da hoton, ya sake ɗagawa. Nasa yana wannan gefe, na hoton yana wancan. Shugaba yana gaida al'ummarsa da hagu. Mutumin ya sunkuya ya karanta fensirin, ya kira sunanka, ya ce: «Da wane hannu ake gaida mutane a gidanku?»

Ina tsaye a bayanka, ina jin warin kananzirin wanke tawada a rigarka. Ba ka waiwayo ba. Na yi shekaru ina waƙe wannan tsayuwa, baiti ɗaya ne ya yarda ya zauna:

Gaskiya ta zo ƙofar bakina,
Ta yi sallama, na rufe ɗakina,
Na bar ta a rana da abokina.

Kwana tara ka yi a hannun jandarma. Ka fito kana jan ƙafa, sunana bai fita daga bakinka ba. Aka kore ka saura mako biyu mu karɓi takardar shaida. Wata ranar Laraba bayan la'asar ka bi ayarin mata masu kifi ka tsallake iyakar Aflao zuwa Gana, ba ka ɗauki ko fensir ba.

Ni na karɓi tawa takardar. Na buɗe shagon rubutun alluna, kuma, Allah Ya yafe mini, duk bikin jam'iyya ni ke zana musu tutoci. Da aka tashe mu daga tsohon Zango aka mai da mu unguwar Agoe, ni na ɗauki kayan Mma a kaina. Kowace Juma'a bayan masallaci nakan je in gaishe ta, ta zuba mini shinkafa da wake, in ci, mutane suna yabon amanata.

Yanzu, ɗan'uwana, Mma ta kwanta. Ƙafafunta sun kumbura, ganinta ya dushe, wani lokaci in na yi sallama da sunanka take amsawa. Sunanka kuwa yana nan a littafin masu tsaron iyaka. Na je wurin Metir Kwami, ya tsufa ƙwarai. Ashe tun ranar ya gane saran wuƙata a katakon, shi ma ya yi shiru. Ya ce hanya ɗaya ce: mai sassaƙar ya rubuta da hannunsa cewa kuskure ne kuma nasa ne, shi zai sa hannu a matsayin shaida. Bai yi mini alkawarin za a goge sunanka ba, bai kuma yi mini alkawarin zan kwana a gidana ba.

Jiya da safe na durƙusa a bakin gadon Mma na faɗa mata duka. Na jira tsinuwa. Ta daɗe tana jan carbi, sannan ta ce: «Na sani, Garba. Ya gaya mini ranar da zai tafi, ya ce in ci gaba da ba ka abinci.»

Isufu, wallahi da mari ta yi mini da na fi iya tashi.

Gobe Litinin ƙarfe takwas zan kai takardar da Metir ya ce in rubuta ofishin jandarma. Matata Hajara ta kai 'yan matanmu gidan kawunsu a Bagida, ta ɗaure mini riga biyu da buta ba tare da na tambaye ta ba. Kada ka tsallako don ka karanta wannan. Ka zo Aflao ka sauka wurin limamin Zango, ka jira. In ni na zo ɗaukarka, hanya ta buɗe. In Hajara ce ta zo, ka ba ta saƙon da za ta kai wa Mma, ka koma.

Ya Allah, Ka ara wa Mma kwanaki har ta shafa fuskar ɗanta. Ka sanyaya zuciyar wanda zai karɓi takardata. Ka tsayar da ƙafafuna a bakin ƙofar ofishin nan, domin na san su, sun taɓa ci da baya. Kai kuma, aminina, ba na roƙon ka yafe mini daga nesa. Ka zo ka dube ni tukuna.

Naka, wanda ya sassaƙa allon,
Garba Mai Zane,
Zangon Lome.