Kwanon na Laminu ne, amma ni na ajiye shi

Assalamu alaikum 'yan uwa. Admin a ɓoye sunana. Don Allah ku ba ni shawara, ni ba mai iya magana a gaban mutane ba ne, shi ya sa na rubuto.

Shekarar da fara ta cinye gero, fari kuma ya biyo baya, ina ɗan lakol, wato makarantar boko, a Agye. Da babban hutu mushenmu, wato malaminmu, ya kai mu Maradi taimakon mutanen da yunwa ta koro daga karkara, suna zaune ƙarƙashin itatuwan bedi kusa da tasha, ba gida ba rumfa. Aikinmu dama kunu da rabawa. Abokina Laminu, ɗan garinmu Gazawa, shi ke riƙe da ludayi, ga barkwanci, kowa ya san shi. Ni ina can baya ina tankaɗe gari da wanke kwanoni.

Daga wurin wankin na lura da wani dattijo Bafulatani, Baffa Umaru, wanda shanunsa suka ƙare kaf. Yana tura iyalinsa layi, shi ba ya shiga, in an miƙa masa ya ce ya ƙoshi, alhali rigarsa ta yi masa yawa. Na gane kunya ce, ba zai ci a idon jama'a ba, balle surukansa na nan zaune. Sai na riƙa jiran azahar, in mutane sun tafi alwala, in zuba kunu, in rufe da faifai, in ɗora dutse saboda awaki, in ajiye bayan wani karyayyen amalanke inda na ga yana zagayawa. Da la'asar in tarar da kwanon a wanke, a kife. Ban taɓa ce masa uffan ba. Kwanon na Laminu ne, ya bar min shi don shi gidan kawunsa yake cin abinci a birni, kuma ya rubuta sunansa da jan fenti a gindin, yadda 'yan lakol ke yi. Ranar da za mu koma na bar wa dattijon kwanon a bayan amalanken.

Shekaru sun tafi. Watan jiya ɗan Baffa Umaru, Sambo, ya zo Gazawa ranar kasuwa da wannan kwanon, yana cigiyar mai sunan da ke gindinsa. Ya jawo jar karsana, ya ce habbanaye ce daga mahaifinsa, wato a riƙe ta har ta haihu, 'ya'yan su zama na mai riƙo, uwar ta koma garke. Ya ce tsohon ya daɗe yana jiran Allah ya mayar masa da shanu don ya yi wannan. Laminu ya karɓa.

Tun ranar gari ya ɗauka. Liman ya kawo misali da shi bayan sallah. Har mahaifiyata ta ce min, wai ba tare kuka je ba, kai me ka yi a can? Kullum in zan wuce sai na ga karsanar a ƙofar gidan Laminu tana cin harawa, har hanya na canza. Ba saniyar ce ta dame ni ba, ko turke ba ni da shi. Addu'ar da ake kwararo masa ce.

Na same shi mu biyu na tuna masa. Ya yi dariya ya ce ai dukkanmu muka yi aikin, kunun ma shi ya dama, kwanon nasa ne, kuma ni me zan yi da saniya, ko littafi zan koya mata. Na ce ba ka ma san fuskar mutumin ba. Ya ce hassada ce ke cina. Ban musa ba, don akwai ta.

To ga inda na tsaya. Sambo ya aiko cewa kasuwa mai zuwa zai kawo tsohon, yana so ya ga mai kwano kafin ya bar duniya. Jiya Laminu ya zo har ɗakina, babu dariya a fuskarsa, ya ce don girman Allah in gaya masa a ina nake ajiye kwanon, da me nake rufewa, kada tsohon ya tambaye shi, shi Laminu ya ji kunya.

In na gaya masa, na ba shi abu ɗaya da ya rage nawa ne ni kaɗai. In na yi shiru, zai tozarta gaban baƙi, abotar yarinta ta mutu. In na fito na ce ni ne, za a ce karsana na gani. Abin da ya fi ci mini rai, Sambo ya ce mahaifinsa ba kunun yake yawan ambata ba, cewa yake mai kwanon bai taɓa tsayawa a gode masa ba.

Na ɓuya a lokacin don kada dattijo ya ji kunya, yau kuma ni nake so a gan ni. 'Yan uwa, in gaya wa Laminu maganar faifai da dutsen, ko in je kasuwar in tsaya gaban Baffa Umaru?