Kwanon Nu'uman

Guangzhou, ƙasar Sin

Yaya Jannatu,

Assalamu alaikum. Ina fata kina lafiya, da Inna da yara. Alhaji Fannami zai taho gida, shi na ba wannan takarda da hoto guda.

Yaya, na ga abin mamaki. Sabuwar shekarar mutanen nan ta kama, gari ya watse, kasuwa ta mutu murus. Kowa ya tafi ƙauyensu. Wani sai ya kwana biyu a jirgin ƙasa a tsaye, don kawai ya ci abincin jajibere da iyayensa. Lin, abokin kasuwancina, ya ja ni gidansu. Tsohuwarsa ta dafa mini kifi a tukunya daban saboda addinina. Ba a cinye kifin, dole a rage, wai don albarka ta tsallaka sabuwar shekara. Ƙanen Lin yana Turai bai zo ba, amma an ajiye masa kujera da kwano da tsinkayen cin abinci. Lin ya ce a wurinsu gida bai cika ba sai kowa na da wurin zama, ko yana nan ko ba ya nan. Wallahi sai da na yi ƙwalla. Mutanen nan sun san zumunci.

Ki gaishe da Inna, ki nuna mata hoton.

Ƙanenki, Nu'uman

Hadejia

Nu'uman,

Wa alaikumus salam. Muna nan yadda ka bar mu, sai dai Inna ƙafa ta matsa mata.

Sannu da ƙwalla. Ashe sai ka je bangon duniya za ka ga an ajiye wa wanda bai zo ba kwano? Shekara bakwai ke nan, duk Sallah sai Inna ta aiki ɗana Haris bakin kogi ya zaɓo tarwaɗa mai rai, ta yi miya da hannunta, ta zuba maka a koren kwanonka, ta rufe da faifai. Ba mai taɓawa sai la'asar ta wuce. Wannan Ƙaramar Sallar ma haka aka yi. Ban taɓa gaya maka ba don ta hana ni, wai kada hankalinka ya rabu biyu.

Na nuna mata hoton, kuma na yi da-na-sani. Ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Jannatu, wace ce wannan tsohuwar da take zuba wa ɗana abinci?" Na ce uwar abokinka ce. Ta ce, "Allah ya saka mata. Ya yi ƙiba." Ranar ba ta ci komai ba.

Ina jin haushinka, ba zan ɓoye ba. Ka zo Babbar Sallah.

Yayarka, Jannatu

Guangzhou

Yaya Jannatu,

Gaisuwa mai yawa. Takardarki ta hana ni sukuni. Na yi niyyar tahowa, Allah ya sani, sai kaya suka maƙale a tashar jirgin ruwa, kuma ba wanda zan bar wa. Ki ba Inna haƙuri. Baɗi da yardar Allah da ni za a ci tarwaɗar nan. Lin da tsohuwarsa suna gaishe ta.

Ƙanenki, Nu'uman

Hadejia

Nu'uman,

Bayan gaisuwa. Ta waya Haris ya gaya maka rasuwar Inna, amma bai gaya maka wannan ba.

Ranar Sallah ba ta iya tsayuwa, a zaune ta yi miyar. Ta zuba maka, ta rufe. La'asar ta wuce na zo ɗauka, ta ce in bari, ƙila mota ce ta lalace muku a hanyar Kano. Kwana biyu kwanon yana nan har miyar ta yi tsami. Ran Laraba aka kai ta.

Na wanke kwanon, yana cikin jakar Alhaji Fannami. Ka kai wa tsohuwar Lin. A gidan nan babu sauran mai ajiye maka shi.

Allah ya jiƙan Inna. Ka huta lafiya.

Jannatu