Kaji a Ɗakin Inna

Litinin, 3 ga Maris

An tabbatar, murar tsuntsaye ce ta kashe kajin babbar gonar bayan gari. Shugabar sashenmu ta tara mu da safe, ta raba mana takunkumi da safar hannu da ma'aunin zafin jiki. Aikina shi ne duk wanda ya taɓa kaza marar lafiya ko mushenta in rubuta sunansa, in riƙa auna shi kullum har kwana goma. Wanda ya yi zazzaɓi ko tari ko jan ido, sai asibiti. Mutum talatin da ɗaya aka ba ni. Tun yanzu ƙafafuna sun fara ciwo.

Talata, 4 ga Maris

Na yi faɗa da wata mai sayar da ƙwai. Ta rantse ko gashin kaza babu a gidanta, sai ga zakara ya yi cara daga banɗaki. Kaji bakwai, a inda 'ya'yanta ke wanka! Na wanke ta tas. Ta yi kuka, ko a jikina. A mota direbanmu ya ce, "Sista, bakin nan naki ya fi maganin feshi ƙarfi." To ya fi ɗin. Ni dai ban ga abin da ke jikin kaza da mutum zai yi wasa da ransa a kanta ba.

Alhamis, 6 ga Maris

Na kira Baba. Tun rasuwar Inna, shekara biyu ke nan, shi ke riƙe da kajinta, mutumin da a da ko tsaba bai taɓa watsa musu ba. Na ce an hana ajiye kaji a unguwarsu sai an duba su.

"Ai na rabu da su, Uwata."

Da sauri ya amsa. Baba kuwa ko gaisuwa sai ya ja ta. Bayan mun ajiye waya na ƙirga, rabona da gidan sati bakwai. Aiki ne.

Asabar, 8 ga Maris

Na je gidan Baba ban sanar ba. Akurki fes, an share har da yayyafa ruwa. Baba bai taɓa share wuri haka ba. Na yi sallama shiru. Sai na ji ƙurƙur daga ɗakin Inna, ɗakin da ya kulle tun bayan zaman makoki, ko ni ba ya bari in shiga.

Ya shimfiɗa buhuna a ƙasa. Kaji tara, wasu a ƙarƙashin gado, ɗaya a kan keken ɗinkinta. Shi kuma yana zaune a kujerarta da wata kaza wake-wake a cinyarsa, wadda ya sa wa suna Nas, wai don ba wanda ba ta sara, kamar ni. Kanta ya kumbura, idonta a rufe. Ina tsaye ya guntsi ruwa, ya buɗe bakinta da yatsa, ya sa bakinsa a nata ya ɗura mata.

Na san abin nan. Haka Inna ke yi wa duk wadda ta kasa sha, ina ƙarama har dariya nake. Yau ban yi dariya ba.

Ban san abin da na faɗa ba, na dai san na yi ihu. Ya bar ni na gama, sannan ya ce biyu sun mutu jiya, ya binne su da hannunsa. Ya ce sanyi ne kawai. Ya ce, "Idan mutanenku suka zo, duka za su kashe, har masu lafiyar. Ke ma kin sani."

Na sani. Na sa shi ya wanke baki da hannu da sabulu, na kulle ɗakin, na sa makullin a jakata. Ban kira kowa ba.

Lahadi, 9 ga Maris

Takardar sunayen tana gabana tun safe. Layi na talatin da biyu babu komai.

Litinin, 10 ga Maris

Na auna mutum talatin da ɗaya, ina faɗa wa kowa kada ya ɓoye komai, makullin kuwa yana ƙara a jakata duk inda na taka. Da muka isa gidan mai ƙwai ta miƙo min goshin ƙaramar 'yarta ba ta ko dube ni ba. Daga nan na koma mota na kira likitan dabbobi. Na ba shi kwatancen gidan, ya ce gidan wa? Na ce gidan mahaifina.

Na rubuta sunan Baba. Shekara saba'in da huɗu, ga hawan jini. Wurin da aka ce “yadda ya taɓa tsuntsu” na daɗe kafin in rubuta: da baki.

Talata, 11 ga Maris

Gwaji ya nuna murar tsuntsayen ce. Ma'aikata sun zo cikin fararen kaya, suka fita da kajin a baƙaƙen leda, har da buhunan da katifar Inna. Sun feshe ɗakin. Yanzu warin magani yake, ba ƙamshinta. Sai a lokacin na gane ashe har yau akwai sauran ƙamshinta a ciki.

Baba yana zaune a tsakar gida. Da na miƙa masa ƙwayoyin da likita ya rubuta sai ya ce, "Na gode, ma'aikaciya." Da ya zage ni da ya fi min sauƙi.

Daga yau ake ƙirga kwana gomansa.

Alhamis, 13 ga Maris

Zafin jikinsa talatin da shida da ɗigo takwas. Yana miƙo goshi, yana kallon bango. Ban yi laifi ba. Na rubuta a nan don in gani da idona: ban yi laifi ba.

Juma'a, 14 ga Maris

Tari. Talatin da takwas da ɗigo ɗaya. Na auna sau uku kamar wata sabuwar ɗaliba. An kai shi ɗakin keɓewa a asibiti, an ɗauki majinarsa. Ta gilashi nake ganinsa, ya yi ƙanƙanta a gadon.

Kwana biyun nan da na yi da makulli a jaka su suke cina. Da na kira tun ranar Asabar, da ya fara shan maganin da wuri. Tsoro nake ji, tsoron da ban ji ba ko ranar rasuwar Inna, don ita ba ni da hannu a nata.

Lahadi, 16 ga Maris

Sakamako ya fito, ba murar tsuntsaye ba ce. Mura ce irin ta kowa. Na shiga ɗakin ajiyar magani na yi kuka tsakanin kwalaye, har mai shara ta leƙo ta koma.

Talata, 18 ga Maris

Ya dawo gida. Da na je auna shi na tarar ya cika kaskon ruwan kaji ya ajiye a gaban akurki. Ya ga na gani. Ya ce hannu ne ya saba. Can kuma, ba ni yake kallo ba, ya ce da su yake hira da safe. Yana ba su labarin ciwon gwiwarsa, da wanda ya rasu a unguwa, da ni.

Na mayar da ma'aunin cikin jakata. 

Laraba, 19 ga Maris

Na gama da mai ƙwai tun makon jiya, amma na bi ta gidanta. Na tambaye ta ko kajin nan suna da suna. Ta yi min kallon mahaukaciya, sannan ta lissafo min huɗu.

Juma'a, 21 ga Maris

Kwana goma. Talatin da shida da ɗigo bakwai. Na ja layi a ƙarƙashin sunansa, na ce shi ke nan, Baba, ka fita lafiya, an rufe takardarka.

Ya bi ma'aunin da ke hannuna da kallo. Har na kai zaure ya ce, "Uwata, abin nan naku ba ya kuskure ne? Gara gobe ma ki zo ki sake gwadawa."

Ba ya kuskure. Kuma ranar Litinin za a karɓe shi a ofis.

Na tsaya a kantin magani na sayi nawa. Dama ya kamata a ce akwai ɗaya a jakata, ko don aiki. Gobe ƙarfe bakwai, lokacin da yake buɗe akurki.