Guntun Fulogin da Ya Hana Ni Ganin Gida

Zuwa ga Shugaban Ƙungiyar Masu Sayar da Kayan Gyaran Mota, Funtuwa.

Ranka ya daɗe Alhaji, assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ka da iyalinka da sauran dattawan ƙungiya, tare da fatan kasuwa tana albarka.

Ranar wata Alhamis da hantsi, yau kwana ashirin da shida ke nan, ina zaune a tsakar gida ina kankare lallen da na kwana da shi a ƙafa, sai na ji wata 'yar ƙara daga wajen motar maigidana, kamar an karya karan dawa busasshe. Daga nan sai shiru. Maigidana mutum ne mai waƙe-waƙe in yana aiki, don haka shirun ne ya sa na tashi. Na same shi a tsaye gaban inji, sifana a hannu ɗaya, rabin fulogi a ɗaya hannun, yana kallonsa. Ɗaya rabin yana can cikin kan inji. Washegari Juma'a ce ranar da aka sa zai kai ni ganin gida.

Ba ka san ni ba, Alhaji. Sunana Hafsatu, 'yar Mahuta ce ni, aure ya kai ni Malumfashi wata goma sha ɗaya da suka wuce, kuma tun da aka kawo ni ban taka gidanmu ba. Maigidana direba ne. Yana da tsohuwar a-kori-kura shuɗiya da yake ɗauko masara da dawa da ita daga ƙauyukan Bakori. Ni kuma, in ban da girki da shara, ba abin da na iya kamar karatun littattafan labari. Ban taɓa zaton wasiƙar farko da zan rubuta jama'a su karanta za ta zama a kan fulogi ba. Ga abin da ke tafe da ni.

Na ɗaya: kayan da aka sayar mana. Kwana biyu kafin abin ya faru maigidana ya kai kaya Funtuwa, ya biya wani shago a layinku ya sayi fulogi huɗu, don ya ce ba zai ɗauki amarya a hanya mai nisa da tsofaffi ba. Ya ce a ba shi na asali, ya biya kuɗin na asali, aka miƙo masa a cikin kwalin na asali. Ba zan ambaci shagon a nan ba, mai shi ya san kansa, sakatarenku ma ya san shi. Uku sun shiga lafiya. Na huɗun ya karye daga wuya tun bai gama ɗaurewa ba, inji kuwa a sanyaye yake tun daren jiya.

Ni ban san aikin mota ba, amma ina da ido da hannu. Na riƙe tsohon fulogin da aka cire a hannuna na dama, a na hagu kuma ɗaya daga cikin sababbin da ba su karye ba, wanda na sa aka kwance mini, tsohon ya fi nauyi. Na goga babban yatsana a kan rubutun da ke jikin tangaran ɗin sabon, rubutun ya biyo yatsana kamar kwalli. Na tsohon kuwa, wanda ya shekara yana shan wuta, ko gezau. Wurin da ƙarfen ya karye gari-gari ne kamar cikin ƙuli-ƙuli. In wannan shi ne na asali, to ina roƙon a nuna mini jabu in ga yadda yake.

Na biyu: amsar da muka samu. Maigidana ya hau motar haya ya koma wurin mai shagon. Aka ce masa hannunsa ne ya yi nauyi. Mutumin da ya shekara goma sha ɗaya yana canza wa motarsa fulogi da kansa, ranar nan ne kawai hannunsa ya yi nauyi. Ya wuce ofishinku. Sakatare ya karɓe shi da mutunci, har da ruwan sanyi, sannan ya gaya masa cewa a dokar ƙungiya ba a sauraron ƙarar kayan da aka ɗaura a gida. Sai in bakanike ne ya ɗaura a gareji, kuma ya zo da kansa ya ba da shaida.

Alhaji, wannan doka don wa aka yi ta? Tun daga Malumfashi har Dandume, wane manomi ne yake kai babur ko injin ban ruwa gareji don a canza masa fulogi? Wane direba ne bai da sifanar fulogi a ƙarƙashin kujera? Ku ma kun sani, yawancin masu saye a wurinku a gida suke ɗaurawa. Ke nan kun yi dokar da ta rufe bakin mafi yawan masu kawo muku ciniki. Maigidana ya dawo gida ya ce ƙaddara ce, a bar maganar. Shi mai kunya ne, ba ya son a ce ya tsaya jayayya da wanda ya girme shi. Na yarda da ƙaddara, amma ba ita ta zuba jabu a kwalin na asali ba.

Na uku: abin da cire guntun nan ya ja mana. Bakaniken farko da aka kira ya leƙa ya ce sai an sauke kan injin gaba ɗaya. Maigidana ya ƙi, domin ya ce injin da ya tsufa haka in aka buɗe shi ba a san abin da za a tarar ba, ga shi kuma kaka ta kama, kowace rana da aikinta. Ya ce zai cire da kansa. Motar tana cikin gida, a filin da muke shanya, don haka komai a gabana aka yi.

Aka fara da man birki, safe da yamma ana ɗiga wa ramin fulogin don ya jiƙa. Aka koma kananzir. Maƙwabta da abokan tasha suka riƙa sallama, ni kuma ina komawa ɗaki ina jin su ta taga, kowa da tasa fatawar. Wani ya ce a kira mai walda ya liƙa noti a kan guntun. Wani ya ce a tayar da inji ya yi zafi, ƙarfe zai saki. Wani, Allah ya yafe masa, ya ce a kafa sukundireba mai kauri a buga da guduma ta kama, sannan a juya. Wannan shawarar aka bi. Sukundireba ta kama, ta zame, aka sake bugawa, ta sake zamewa. Cincin da dubulan da na soya don tsarabar gida kuwa, masu ba da shawara suka cinye su tas a cikin kwana biyar. Kwanon silba na kayan aurena ya zama mazubin notuna. Wuƙar yankan albasata ta rasa tsininta.

A littattafan da nake karantawa, in miji ya shiga damuwa matarsa takan kawo masa abin sha mai sanyi, ta yi masa magana mai daɗi, shafi biyu gaba komai ya warware. Na gwada. Ya sha, ya yi godiya, guntun fulogi yana nan inda yake.

A kwana na goma na daina jira. Wayar da nake karatun labarai da ita na sa na nemo bidiyon masu irin wannan aiki. Ban ji yarensu ba, amma na ga abin da hannunsu yake yi. Na ga suna amfani da wani ƙarfe mai kama da ƙusa, wanda zarensa, wato murɗin da ke jikinsa, yake tafiya hagu, yadda duk juyin da aka yi don kwancewa ƙara cizon guntun yake. Na ga kuma babban abin tsoro shi ne ɓurɓushin ƙarfe ko na tangaran ya faɗa cikin inji. Na nuna wa maigidana. Ya yi kwana shida yana cigiya kafin ya sami irin ƙarfen a wurin Malam Iro, wani tsohon bakanike da ya daina aiki saboda ciwon baya. Dattijon ya ba da aro, ya ce a shafa masa giris don ya kama ɓurɓushi, a juya a hankali, in ya cije a tsaya a ƙara mai a jira.

Ramin yana can bayan inji, a lungun da yatsun maigidana ba sa shiga sosai. Nawa ne suka shiga. Na naɗa tsumma a tsinken tsintsiya, na shafa giris, na riƙa tsamo ɓurɓushi ɗaya bayan ɗaya, kwana biyu ina yi, ina tsaye a kan turmi don in kai. Ranar Talata bayan la'asar, kwana na goma sha tara, ni na riƙe ƙarfen a miƙe, maigidana kuma yana juyawa, sai muka ji guntun ya motsa. Ya ce in yi bisimilla. Na ce masa tun ɗazu nake yi. Da guntun ya fito bai kai tsawon gaɓar yatsana ba. Na zauna a kan turmin na yi ta kallonsa, na rasa ko dariya zan yi ko kuka.

Murnar ba ta yi nisa ba. Da aka kawo wani fulogi mai kyau daga nan Malumfashi aka sa, sai ya ƙi zama. Bugun sukundireban nan ya cinye zaren ramin. Yanzu dai sai an sauke kan injin an kawo shi Funtuwa an gyara, abin da aka yi ta gudu tun farko. Motar tana nan a tsakar gida, kaji suna kwana a ƙarƙashinta, manoman da suka saba kiran maigidana sun koma kiran wasu.

Na huɗu, kuma shi ne ya sa na ɗauki biro. A Mahuta ina da kaka, Inna Delu, ita ta raine ni tun ina shekara uku. Idonta na hagu ya rufe tun bara, na dama yana bin sa, kuma a asibiti sun ce ba irin wanda ake kankarewa ya washe ba ne. Tun kafin a fara girbi Inna ta aiko a gaya mini in zo ta gan ni tun tana gani. Abin da ya sa aka sa waccan Juma'ar ke nan.

A nan dole in faɗi nawa laifin, don kada a ce na ɗora muku komai. Kwana biyu da karyewar fulogin maigidana ya ce in shirya ya sa ni a motar haya. Ni na ƙi. Wata goma sha ɗaya ina tsara yadda zan shiga garinmu: a gidan gaba, kusa da mijina, ya tsaya a ƙofar gida ya zagayo ya buɗe mini, ƙawayena suna leƙe. Na san a-kori-kura ce, ƙofar ma sai an ɗaga ta take buɗewa, amma tamu ce. Na ce masa zan jira, ai gobe ko jibi za ta tashi. Haka na yi ta cewa har lallen ƙafata ya goge, baƙin mai ya maye gurbinsa a ƙarƙashin farcena.

Shekaranjiya kawuna ya kira, ya ba Inna wayar. Ba ta yi mini faɗa ba, da ta yi ma da ya fi mini sauƙi. Ta tambayi lafiyar mijina da ta motar. Sannan ta ce yanzu fuska ta fara yi mata wuya, da murya take gane mutane, sai kuma launin tufafi in da rana ne. Ta ce duk ranar da zan zo in sa kaya mai haske.

Rabin wannan jinkiri nawa ne, na ɗauka. Ɗaya rabin yana cikin kwalin da aka miƙo wa maigidana a layinku.

Saboda haka ina roƙon abubuwa uku. A soke dokar nan ta sai bakanike, a saurari duk wanda ya zo da kaya a hannu, ko a gida ya ɗaura. A sa masu shaguna su riƙa faɗa wa mai saye gaskiya, wannan na asali ne, wannan ba shi ba ne, kowa ya ɗauki daidai ƙarfinsa. Talaka ba ya ƙin mai araha, ruɗi ne ba ya so. Sannan a kira mai shagon nan a gabanka, a buɗe sauran kwalayen da ke kantarsa, ka goga yatsanka da kanka. Gyaran kan injinmu kuma na bar wa adalcinku.

Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana, ya ba ka ikon riƙe amanar da aka ɗora maka, ya sa wa kasuwarku albarka, ya tsare iyalinka daga tsayawa a hanya saboda kayan da ba su da kyau.

Jibi Alhamis, sati huɗu cif da karyewar fulogin, zan hau motar haya ta farko daga Malumfashi, da izinin maigidana. Zan sauka a Funtuwa in ajiye guntayen biyu da kwalinsu a teburin sakatarenku, a ƙulle cikin leda, ba tare da bakanike ba. Daga nan zan wuce Mahuta ko a bayan babur ne. Na riga na goge atamfata ruwan ɗorawa.

Wassalam.

Hafsatu, matar direba,
Malumfashi.