Na fasa wa ɗana goshi saboda risho

Malama, ki taimake ni da shawara, don ba ni da wanda zan faɗa wa. Ni tsohon malamin makaranta ne a Ƙofar Taramniya. Tun rasuwar matata Mariyatu ni kaɗai nake zaune, ni nake dafa wa kaina. Ɗana Jelani ya saya mini rishon lantarki saboda ƙirjina ba ya ɗaukar hayaƙin itace.

Ranar Asabar na ɗora man gyaɗa zan soya nama, sai aka ɗauke wuta. Ganin rishon ya mutu, na tafi sallar la'asar ban kashe shi ba. Ashe an kawo wuta ina masallaci. Na dawo na tarar tukunya tana ci da wuta. Butar alwala ce a hannuna, na sheƙa mata ruwan. Wutar ta yi tsalle ta kama silin, ta cinye gemuna, fatar hannuna ta saɓule. Maƙwabcina Arzika ne ya ja ni waje ta ƙafa.

Da aka sallame ni daga asibiti, Jelani ya ɗauki taɓaryar mahaifiyarsa ya ragargaza rishon. Yana daka mini tsawa gaban maƙwabta wai na rikice, zai kwashe ni zuwa gidansa a Arkilla. Na ɗaga sandata na fasa masa goshi. Jini ya wanke masa riga. Ya juya ya fita. Yana aiko da abinci, amma bai sake zuwa ba. Ba na son barin gidana, kuma ba na so in mutu ban ga fuskarsa ba.

Tsoho mai jinya, Sakkwato

Baba, sannu da jiki. Jelani bai kyauta ba da ya tsawata maka cikin mutane, amma tsoron rasa uba ne ya tunzura shi. Sandar kuma ta wuce gona da iri.

Ba rikicewa ka yi ba, sabo da murhun itace ne. Idan an ɗauke wuta, a kashe risho a zare shi daga soket kafin a fita. Mai idan ya kama, ba a zuba masa ruwa: a kashe wutar gidan, a rufe tukunyar da murfin ƙarfe, idan ta gagara a fita a kira jama'a. Kafin ka sake girki, mai gyaran lantarki ya duba wayoyin da suka ƙone.

Kada ka jira ya zo. Kira shi yau ka tambayi goshinsa. Ka bi shi Arkilla har hannunka ya warke, makullin gidanka yana aljihunka. Allah ya ƙara sauƙi, ya daidaita tsakaninku.