Falmaran ɗin da Inna ta bari a rabi

Litinin, 3 ga Maris
Yau muka buɗe akwatin Inna, wata huɗu da rasuwarta. Yaya ta ɗauki zannuwa. Ni kuwa a can ƙasa na ci karo da falmaran ɗin raga da ta fara saƙa wa Autata. Ta gama bayan, gaban dama ya kai hammata, na hagu ko farawa ba ta yi ba. Kwarashin na nan soke a dunƙulen zare, kamar ta tashi shan ruwa ne. Auta za ta fara aiki ranar ashirin da huɗu, sai na ji bakina ya ce zan ƙarasa mata. Ni da rabona da kwarashi tun kafin a haife ta.

Laraba, 5 ga Maris
Na fara gaban hagu. Hannun Inna a matse yake, nawa a sake. Idon ragarta ko wake ba zai wuce ba, nawa har babban yatsa.

A bakin taga muke zama ina 'yar shekara tara, tabarau a kan hancinta, rediyo na ta surutu ba mai saurara. In na kai mata layi goma ina washe baki, sai ta ɗaga shi ga haske, ta ja zaren, ya koma babu. Na sha kuka. Yau da za ta shigo ta warware nawa, wallahi da na gode.

Asabar, 8 ga Maris
Layi shida na yi, na warware huɗu. Wuyana kamar ba nawa ba.

Alhamis, 13 ga Maris
Hagu ya kamo dama, amma sun ƙi daidaita. Na shimfiɗa su a gado na ƙirga ido-ido har sau uku. Ba ni ba ce. A layi na goma sha huɗu Inna ta tsallake ido biyu.

Lokacin ke nan da take cewa fitilar ɗakin ba ta da haske. Muka canja ƙwan fitila, muka ɗauka shi ke nan. Ashe idonta ne, ta ɓoye mana. Layi tara ta ɗora a kan kuskuren, kuma su ne na ƙarshe da hannunta ya saƙa. In zan gyara, sai na warware su.

Juma'a, 14 ga Maris
A maɗaba'a sau uku na mayar da shafi ɗaya saboda waƙafi. Mai injin ya ce ko an ɓata mini rai ne a gida. Aikina ke nan shekara ashirin, kama kuskuren mutane.

Na kira Yaya. Ta ce: "Ki warware kawai, zare ne fa. Da ita ce ba za ta ƙyale ba."

Gaskiya ta faɗa, shi ya sa na ji haushi.

Talata, 18 ga Maris
Na kama bakin zaren Inna zan ja. Na daɗe a haka. Auta ta leƙo ta ce, "Umma, ba wanda zai tsaya ƙirgawa." Na ce ni zan ƙirga. Ta yi dariya, wai ni sak kakarta ce.

Ban ja ba. Ina kewar matar nan, har da faɗanta.

Asabar, 22 ga Maris
An gama. Nawa ɓangaren na warware har layi na goma sha huɗu, na tsallake ido biyu daidai inda ta tsallake, na sake hawa. Yanzu gefen biyu sun zo ɗaya. Auta ta sa a kan farar riga ta tsaya gaban madubi. Ya ɗan kama ta a haƙarƙari, ta ce haka take so.

Yaya ta tambaye ni me ya sa na ɗora wa kaina aiki biyu. Na ce don kada zaren ya gaza ne.

Sauran zaren na nan a aljihun tebur, ya kai girman lemo.